Zungeru: Tsohuwar Hedikwatar Arewa Da Rawar Da Ta Taka Wajen Yaɗuwar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga Bosso ya miƙi titin da ya ratsa Maikunkele da Beji, idan ya yi tafiyar kimanin kilomita 60 zai iske kansa a Zungeru, wani ƙaramin gari da ke bakin Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Wushishi ta Jihar Neja. Matafiyi zai iya wuce garin bai waiwaya ba, domin a ido bai bambanta da sauran garuruwan bakin hanya ba: kasuwa ce, da tashar mota, da masu kifi, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Amma daga 1902 zuwa wajen 1916 wannan gari shi ne mazaunin gwamnatin Arewacin Nijeriya baki ɗaya. Wannan maƙala za ta yi waiwaye a kan tarihin garin, da mutanen da ya haifa, da abin da ya saura na kayan tarihinsa. Sai dai inda za mu fi daɗewa shi ne batun harshe, domin a ganina ɗalibin Hausa yana da haƙƙi a kan Zungeru fiye da yadda ya sani. Gari ne da ba na Hausawa ba, wanda baƙi suka cika shi, kuma Hausa ce ta riƙe shi.

Daga Dungurum zuwa Zungeru

Tsofaffi Dungurum suke kiran wurin, kuma ana cewa bakin Bature ne ya juya sunan ya koma Zungeru. Akwai labarin baka da ke danganta sunan da wani masunci Banufe mai kaɗa wani abin kiɗa a bakin ruwa. Gbagyi kuma, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, suna da nasu bayanin, tun da yankin ƙasar nomansu ce tun fil azal. A ƙarshen ƙarni na 19 yankin yana tsakanin ƙarfi biyu: Bida ta Nufawa daga kudu, da Kwantagora ta gidan Nagwamatse daga arewa maso yamma. Wushishi, wadda ke kusa, tana cikin garuruwan gidan Nagwamatse. Hare-haren kamun bayi sun ɗaiɗaita ƙauyukan wannan yanki ƙwarai, kuma mu da muka tashi a ƙasar Gbagyi mun ji labarin yadda kakanni ke hawa duwatsu don tsira.

Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfanin Turawan Ingila mai ciniki a Kogin Kwara, aka ɗaga ta gwamnatin Ingila a Lakwaja. Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, shi ne Babban Kwamishina. Ya fara zama a Jebba, amma wurin bai gamshe shi ba, saboda ya yi nisa da manyan masarautun da yake hari. A farkon 1901 sojojinsa suka ci Kwantagora da Bida, hanya ta buɗe. Ya zaɓi Dungurum ne saboda jiragen ruwa na iya hawowa Kogin Kaduna har kusa da wurin, ga shi kuma daga nan ana iya fuskantar Zazzau da Kano da Sakkwato. A 1902 aka kwashe ofisoshi aka koma can.

Zuwa garin a wancan zamani aiki ne ja. Bature zai sauka a bakin teku, ya shiga jirgin ruwa ya hawo Kwara ya wuce Lakwaja, ya kai Muregi inda Kaduna ta haɗu da Kwara, sannan ya juya cikin Kaduna. Da yake ruwa na ja da baya da rani, sai aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, daga Wushishi zuwa Zungeru a 1901, aka ƙara shi zuwa Barijuko a 1902, tsawonsa ya kai wajen mil 22. Wannan shi ne layin dogo na farko a Arewacin Nijeriya.

Daga wannan ƙaramin wuri aka tsara yaƙin da ya ci Kano a Fabrairu 1903, da Sakkwato a Maris na shekarar, wanda ya ƙare a Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Daga nan aka tura sojojin da suka rushe Satiru a 1906. A nan kuma aka tsara dokokin kotunan alƙalai da na haraji, wato ginshiƙan abin da daga baya aka kira mulki ta hannun sarakuna. Ko matar Lugga, Flora Shaw, wadda ta ba da shawarar sunan Nijeriya a wata jaridar Landan a 1897, ta zauna a Zungeru na ɗan lokaci bayan aurensu a 1902, kafin rashin lafiya ya mayar da ita Ingila.

Ana yawan cewa a Zungeru aka haɗe Kudu da Arewa a 1914. Maganar tana buƙatar gyara kaɗan. Dokar haɗewar daga Landan ta fito, kuma Ikko ce ta zama hedikwatar sabuwar ƙasar. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, ranar 1 ga Janairu 1914 Zungeru ce hedikwatar ɗaya daga cikin ɓangarori biyun da aka haɗa, kuma a nan mataimakin gwamna mai kula da lardunan Arewa, Charles Temple, ya ci gaba da zama.

Wane harshe ake yi a garin?

Mai karatu ya tsaya ya ƙiyasta mutanen da suka taru a Zungeru wajen 1905. Akwai Turawa 'yan kaɗan. Akwai akawuna da masu buga waya da kafintoci daga Ikko da Anaca da Saliyo da ƙasar da a yau ake kira Gana. Akwai sojoji, wasunsu Hausawa, wasu Yarabawa, wasu Barebari da Zabarmawa da sauran ƙabilu. Ga 'yan dako da leburori da kukumai da masu kiwon dawaki, ga fatake da mahauta da suka biyo bariki don neman kasuwa, ga kuma 'yan ƙasa, Gbagyi da Nufawa, masu kawo doya da kifi da itace. Turanci bai isa ya haɗa waɗannan mutane ba, don masu jin sa ba su taka kara sun karya ba. Gbagyi da Nufanci kuma ba su wuce yankinsu ba. Harshen da ya riga ya saba da hanya, wanda fataucin goro da kanwa ya kai shi har Gwanja tun ƙarnoni da suka wuce, shi ne Hausa.

Aikin soja ya ƙara mata ƙarfi. Tun 1863 wani Bature mai suna John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko da mutanen Arewa, da yawansu bayi ne da suka gudu, aka riƙa kiransu Hausawan Glover ko da kuwa ba duka ne Hausawa ba. Lokacin da Lugga ya kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897, ya gaji wannan al'ada. Duk wanda ya shiga soja, ko daga ina yake, da Hausa zai ji umarni, da ita zai yi ciniki, da ita zai nemi aure a bariki. Irin wannan Hausa ce masana ke kira Barikanci.

Ɗaliban da suka yi darasin walwalar harshe sun san siffofinta. Jinsi shi ne abu na farko da ke faɗuwa, sai ka ji an ce "yarinya ya tafi" ko "matana ya zo". Baƙaƙe masu ƙugiya su ma kan saki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, ɗaki ya koma daki. Jam'i mai wahala kan koma kalma ɗaya da "da yawa" a bayanta, karin sauti da tsawon wasali kuma su daidaita yadda harshen uwar mai magana ya saba. Ni da nake wannan rubutu ba da Hausa na buɗi baki ba, a kasuwa da makaranta na tsince ta kamar yawancin 'yan Bosso, don haka waɗannan siffofi ba baƙi ba ne a kunnena. A Minna har gobe za ka ji Bagware da Banufe da Ibo suna ciniki da Hausar da Bakano zai yi wa murmushi, amma kowa ya fahimci kowa, kuɗi kuma sun canza hannu. A ra'ayina kuskure ne a ɗauki irin wannan Hausa a matsayin gurɓatacciya kawai. Da ita harshen ya ƙetare iyakar ƙasar Hausa ya zama na miliyoyin mutane, kuma garuruwa irin su Lakwaja da Zungeru su ne makarantunta na farko a zamanin Turawa.

Ba karɓa kawai baƙin suka yi ba, sun kuma zuba nasu. Dubi kalmomin bariki: soja, kofur, saje, samanja, kyaftin, manjo, kanar, fareti, gadi, har da ita kanta kalmar bariki. Dubi na ofis: razdan, di'o, joji, masinja, kotu. Dubi na gidan Bature: kuku da boyi da tebur. Na layin dogo kuwa akwai reluwe da tasha da tikiti da lebura. Kalmar akawu ma ta Yarabanci ce, ta biyo ma'aikatan Kudu ta shigo. Ba ina nufin a Zungeru aka haifi kowace ɗaya daga cikinsu ba, amma a irin wannan zama na cakuɗa aka tauna su har suka dace da bakin Bahaushe, aka raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, aka rufe ƙarshen kalma yadda Hausa ke so.

Akwai kuma wasu masu koyon Hausa da ba a cika tunawa da su ba. Dokar bauta ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, ta kuma hana kamu da sayar da bayi. Yara da matan da aka ƙwato daga hannun fatake, waɗanda da yawansu ba su san hanyar gida ba, sai gwamnati ta buɗe musu gida a Zungeru. Yaran sun fito daga ƙabilu barkatai, don haka harshen gari shi ne ya zama nasu. An rufe gidan a 1909, aka miƙa yaran ga 'yan mishan a Rumasha, bakin Kogin Binuwai.

Su ma Turawan sai da suka koma ɗalibai. Gwamnatin Lugga ta sa jarrabawar harshe ga jami'anta, Hausa ce kuma kan gaba, ci gaban ma'aikaci kuma ya rataya a kan cin ta. Dalilin a fili yake: jami'in da bai jin harshe yana hannun tafintansa ne, abin da tafinta ya ga dama shi zai ji. Kisan Kyaftin Moloney a Keffi a 1902, wanda Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya yi, yana cikin abubuwan da masana tarihi ke kawowa idan ana maganar haɗarin dogaro da 'yan tsakani. Littattafan da jami'an suka dogara da su a lokacin su ne irin ƙamus ɗin Charles Robinson na Jami'ar Kambirij da ɗan littafin nahawun Dokta Walter Miller, ɗan mishan da ya zauna Zariya.

Babban hukuncin da ya fi shafar mu shi ne na rubutu. Kafin zuwan Turawa Hausa tana da ajami, malamai na rubuta waƙoƙi da wasiƙu da shi, ko da yake Larabci ne harshen fada da shari'a. Gwamnatin da ke zaune a Zungeru ce ta zaɓi a riƙa rubuta Hausar aikin hukuma da baƙaƙen Romawa, wato boko, saboda shi ne Turawa ke iya karantawa, shi ne kuma injin buga takardu ke da shi. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, haifaffen ƙasar Suwizalan, shi aka ɗora wa aikin ilmi. Ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Baƙaƙe masu ƙugiya da muke fama da su a jarrabawa sai a shekarun 1930 suka shigo. Ko mutum yana ganin wannan zaɓi alheri ne ko kuwa tauye ajami ne, kuma akwai hujja mai ƙarfi ga masu ra'ayi na biyu, tun da ya mayar da dubban malamai masu karatu da rubutu tamkar jahilai a idon hukuma, rubutun da mai karatu ke bi yanzu daga wannan hukunci ya samo asali. Wani abin sha'awa kuma, mutumin da ya fi kowa nuna abin da boko zai iya yi, Abubakar Imam, a Kagara aka haife shi a 1911, garin da ke arewa da Zungeru ta hanyar Tegina, lokacin Zungeru na tsakiyar ganiyarta.

'Ya'yan garin

Ranar 16 ga Nuwamba 1904 aka haifi Nnamdi Azikiwe a Zungeru. Mahaifinsa mutumin Anaca ne, akawu a aikin gwamnati. Yaron ya tashi da Hausa a bakinsa, har mahaifin ya ji tsoron kada ya rasa harshen iyayensa, ya tura shi Anaca yana ɗan shekara takwas don ya koyi Ibo. Daga baya zaman Ikko ya ba shi Yarabanci. Wannan yaro shi ya zama Gwamna Janar a 1960, ya zama Shugaban Ƙasa na farko daga 1963 zuwa 1966, ya rasu a 1996, hotonsa ne kuma a takardar naira 500. Labarin Zik ya ishe mu shaida a kan abin da muka faɗa a sama. Idan ɗan akawu Ibo, wanda iyayensa ke jin Turanci, da Hausa yake wasa a ƙofar gida, to ba sai an tambayi harshen da ake yi a kasuwa da barikin soja ba.

Na biyun shi ne Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu, wanda aka haifa a garin ranar 4 ga Nuwamba 1933, bayan hedikwata ta daɗe da tashi, amma tashar jirgin ƙasa na nan tana jawo 'yan kasuwa. Mahaifinsa, Louis Ojukwu na Nnewi, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Nijeriya ta harkar sufuri. Ojukwu ne kwamandan bataliya ta biyar a Kano lokacin juyin mulkin Janairu 1966, shi ne kuma ya yi shelar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967. Bayan yaƙi ya yi gudun hijira a Kodebuwa har Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa a 1982, ya rasu a Landan a 2011. Gari ɗaya ke nan ya haifi wanda ya fara shugabantar Nijeriya da wanda ya yi yunƙurin ɓallewa daga cikinta, dukansu kuma 'ya'yan baƙi.

Tashin hedikwata da abin da ya saura

Abin da ya ɗaga Zungeru, wato sufuri, shi ne ya kayar da ita. Gwamna Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, injiniyan layin dogo ne. A zamaninsa aka fara layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ya kuma bi ta Minna. Layin da ya taso daga Ikko ta Jebba ya ratsa Zungeru ya haɗe da shi a Minna. Ke nan Minna ce ta zama mahaɗa, kuma daga nan girmanta ya faro, har ta zama hedikwatar Jihar Neja a 1976. Kogi ya daina zama hanyar shiga Arewa. Turawa kuma sun daɗe suna kukan zafin Zungeru da sauronta. Da Lugga ya dawo a 1912 sai ya zaɓi wani fili a inda layin dogo ya ƙetare Kogin Kaduna can arewa. Sojoji suka fara komawa, ofisoshi suka biyo baya tsakanin 1916 da 1917, sabon garin ya ɗauki sunan kogin.

Makamancin haka ya faru a maƙwabciyarmu Nijar, inda Faransawa suka ɗauke hedikwata daga Damagaram suka mayar Yamai a 1926. Bambancin shi ne Damagaram tsohon birni ne mai sarki da kasuwa da fatake tun kafin Bature, don haka ta ci gaba da rayuwarta. Zungeru kuwa gwamnati ce ta yi ta, da gwamnati ta tashi sai aka bar ta da gine-gine babu masu zama.

Hatta kayan tarihin garin, mafi kyawunsu ba a garin suke ba. Gadar ƙarfe ta masu tafiya da ƙafa da aka kafa a 1904 an kwance ta an kai Kaduna, aka sake kafa ta a lambun Gamji, tun 1956 kuma tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Ɗan layin dogon Barijuko an tumɓuke shi, kayansa suka tafi aikin layin da ya haɗa Zariya da ma'adinan kuza na Jos. Kan jirgin farko na wannan layi an ajiye shi a tashar jirgin ƙasa ta Minna, tafiyar 'yan mintoci daga Bosso. Abin da aka bar wa Zungeru shi ne kufan gidan gwamna da na ofisoshi, da makabartar Turawa, da tsohuwar tasha. A farkon shekarun 1990 an ƙaddamar da ginin wata cibiya don tunawa da Zik, aikin ya tsaya a hanya. Bikin cikar Nijeriya shekara 100 a 2014 ya sa an sake yin maganar garin a jaridu na ɗan lokaci. Matsalar tsaro ta ƙara nisanta maziyarta, musamman bayan sace ɗalibai a Kagara da Tegina a 2021.

Sabon abin da ya dawo da sunan garin bakin mutane shi ne madatsar ruwa ta samar da lantarki mai ƙarfin megawat 700 a kan Kogin Kaduna, wadda aka fara ginawa a 2013 da rancen ƙasar Sin, kamfanonin Sin kuma suka yi aikin. Ginin ya sake tara leburori da direbobi da masu abinci daga sassa daban-daban, kamar yadda bariki ya tara su a 1902.

Ga ɗalibin da ke neman batun kundin digiri, akwai aiki a nan wanda ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A unguwannin reluwe na Zungeru da Minna akwai iyalai waɗanda kakanninsu suka zo aikin soja ko na jirgin ƙasa, Yarabawa da Ibo da Tibi da Barebari, waɗanda suka yi zuriya uku ko huɗu suna magana da Hausa. Ana iya naɗar hirarsu da rikoda, a duba inda jinsi ya tsaya da inda ya faɗi, a kwatanta bakin tsofaffi da na jikokinsu da suka tashi da rediyo da finafinan Kano, a kuma tattara kalmomin bariki da na reluwe da matasa suka daina amfani da su. Tsofaffin da suka yi aiki a zamanin jirgi mai gawayi su ya kamata a fara nema, don su ne suka fi ƙaranci.